Mutum ɗaya ne ko biyu? Yadda manhajojin kyauta ke tace kundin makiyaya

Duk wanda ya taɓa kai bisashensa wurin lamba, ko ya bi layin sayen dusa a mangazar koperatif, ya san cewa kafin allura ko buhu sai an wuce ta wurin mai biro da takarda. Za a tambayi suna, sunan uba, gari ko ruga, da yawan shanu, tumaki da awaki. Mutane da yawa na ganin wannan rubutu ɓata lokaci ne kawai. Gaskiyar magana, da waɗannan takardu ake yanke shawarar yawan kwalaben rigakafin da za a aiko wa kowane kwamin, da yawan buhunan abincin dabbobi da za a kai kowace mangaza in rani ya tsananta. Idan kundin ya karkace, rabon ma zai karkace.

Aikina shi ne karɓar waɗannan takardu bayan sun bar hannun ma'aikatan karkara, in haɗa su a kwamfuta, in tace su, in miƙa wa masu tsara aiki. A wannan rubutu ina so in bayyana wa makiyaya da shugabannin ƙungiyoyinsu yadda ake wannan tankaɗe da rairaya, da irin manhajojin da muke amfani da su, da inda na'ura ke gazawa, da kuma abin da ku kanku za ku iya yi don kada sunanku ya ɓace ko ya ninku.

Inda kundi ke lalacewa

Matsala ta farko ita ce rubutun suna. A ƙasarmu ma'aikaci ɗaya ya yi makarantar Faransanci, wani ya yi yaƙi da jahilci da Hausa, wani kuma ya yi karatu a Najeriya. Saboda haka sunan mutum ɗaya kan fito kala-kala: Moussa da Musa, Issoufou da Yusufu, Oumarou da Umaru, Laouali da Lawali. A kunnen mutum suna ɗaya ne. Ita kuwa kwamfuta haruffa take kallo, idan harafi ɗaya ya bambanta sai ta ƙirga mutum biyu.

Bayan wannan akwai laƙabi. Wanda aka raɗa wa Abubakar a gida Garba ake kiransa, Umaru ya zama Sanda, Ibrahim ya zama Ibro. Akwai kuma alkunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta, uba na kauce wa sunan ɗan fari. Idan yau maigida ne ya kai garke, gobe matarsa, jibi ƙanensa, ana iya samun suna uku a kan garke ɗaya ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Sunayen wurare ma haka suke. Guidan Roumdji da Gidan Rumji gari ɗaya ne, Tessaoua da Tasawa, Madaoua da Madawa. Wani ya rubuta Zongo wani Zango, wani Tounga wani Tunga, wani Angoual wani Unguwar. A ɗaya gefen kuma akwai garuruwa daban-daban masu suna iri ɗaya, Sabon Gari da Tudun Wada ba su ƙirguwa. Ranar haihuwa ba ta cika taimakawa ba, domin katin shaidar manya da yawa shekara kawai yake ɗauke da ita bisa ƙiyasi, sai a cika sauran da ɗaya ga Janairu. Lambar salula kuwa gida ɗaya kan yi tarayya a kanta, ko a canza layi a tsakiyar shekara.

Sai babbar matsalar da ta keɓanta da mu: makiyayi ba ya zama wuri ɗaya. Garken da aka rubuta a yankin Bermo ko Abalak ko Tanut lokacin damina, bayan an kwashe amfanin gona yana iya kasancewa a Dakoro, Madawa ko Magarya, wani ma ya tsallaka Katsina ko Jigawa. Kowace tawagar ma'aikata da ta gamu da shi za ta buɗe masa sabon layi a kundinta.

Abin da kuskuren ke jawowa

Mu ɗauki annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. An fara gano ta a Kot Dibuwa a 1942. A 2015, a taron da aka yi a Abijan, hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun ɗauki alkawarin kawar da ita daga doron ƙasa kafin ƙarshen 2030, kamar yadda aka bayyana kawar da bushiya a 2011. Don cutar ta daina yawo a yanki, masana na neman aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙananan bisashe su samu kariya.

To a ce, a matsayin misali, wani kwamin na da awaki da tumaki 10,000. Kundin lamba ya nuna an yi wa 8,000, wato kashi 80 cikin 100, kowa ya yi murna. Amma a cikin kundin akwai garkunan da aka shigar sau biyu, sau ɗaya daga takarda sau ɗaya daga salula, jimillarsu 2,000. Ainihin waɗanda suka samu allura 6,000 ne, kashi 60 cikin 100. A takarda yankin ya tsira, a daji kuwa ƙofa na buɗe. Ba za a sake turo tawaga ba domin rahoto ya ce an gama, kuma makiyayi ne zai biya kuɗin wannan kuskure da ƴan awakinsa. Alamar da ake yi a kunnen dabbar da aka yi wa lamba tana hana a maimaita mata allura, amma ba ta hana a maimaita sunan mai ita a kundi.

Kuskuren yana da wata fuska kuma. A ce an kawo dusa da gurya mai rahusa, an ce gida ɗaya rabo ɗaya. Idan sunan wani ya ninku, zai ɗauki rabo biyu, wani ya koma hannu banza. Idan kuma mai tacewa ya yi garaje ya haɗe mutum biyu masu suna iri ɗaya, to ya goge gida guda daga jerin, kuma mai gidan ba zai sani ba sai ranar rabo. A wurina wannan na biyun ya fi muni, domin wanda aka ninka ana iya gano shi daga baya, wanda aka goge kuwa ba ya cikin takardar da za a duba.

Mene ne manhaja mai buɗaɗɗen tushe?

Manhaja, wadda ma'aikata a nan suka fi kira lojisiyel, ita ce umarnin da ke sa kwamfuta ko salula yin wani aiki. Wasu manhajojin na kamfani ne, sai an biya kuɗin lasisi, kuma ba wanda ya san yadda aka ƙera cikinsu sai mai su. Wasu kuma masu su sun buɗe rubutun da aka gina su da shi, kowa na da izinin ɗauka, ya yi amfani, ya duba, ya gyara, ya ba wani. Su ake kira masu buɗaɗɗen tushe. Na kan kwatanta su da rijiyar gayya: jama'a suka haƙa, jama'a ke yashewa, kuma kowa na iya leƙawa ya ga abin da ke ciki.

Ga ƙungiyar makiyaya wannan na da amfani uku. Ba kuɗin lasisi da za a riƙa biya duk shekara. Idan aikin wata ƙungiyar agaji ya ƙare ta tafi, manhajar ba ta rufewa, kundin na nan a hannunku. Sannan duk wanda ke shakkar yadda aka tace jerin sunaye yana iya neman wani masani ya bi sawun aikin. Sai dai kada a ɗauka kyauta na nufin ba a kashe komai: ana bukatar kwamfuta, wutar caji, da horar da mutum ɗaya ko biyu, kuma horon nan shi ne babban jari.

Kayan aikin da muke riƙewa

Wajen tattara bayani a fili, da yawa na amfani da ODK, wadda aka fara a jami'ar Washington ta Amurka a 2008, ko KoboToolbox wadda ke aiki a kan tsari iri ɗaya. Ana sa su a salula mai Android, ana cika tambayoyi ko babu intanet, sai an shigo inda akwai rezo a tura. Amfaninsu shi ne ana iya shirya jerin kwamin da garuruwa tun farko, ma'aikaci ya zaɓa maimakon ya rubuta, kuma ana iya hana a sa haruffa a gurbin adadi. Rabin dattin kundi a nan ake tare shi.

Wajen buɗe jadawali akwai LibreOffice Calc, mai yin irin aikin Excel ba tare da lasisi ba. Wajen taswira akwai QGIS, wadda ke nuna wuraren lamba, rijiyoyi da burtali. Amma wajen tacewa, wadda na fi dogara da ita ita ce OpenRefine.

Wani kamfani mai suna Metaweb ne ya fara ƙera ta. Google ya sayi kamfanin a 2010 ya sa mata suna Google Refine, a 2012 kuma ya sakar wa masu sa kai ita, daga nan ta zama OpenRefine. Tana buɗewa a cikin manhajar shiga intanet, shi ya sa wasu ke zaton tana aika bayanai waje. A kan kwamfutarka take aiki, ba ta bukatar intanet don tacewa, kuma ana iya juya ta zuwa Faransanci. Ba ta taɓa ainihin kundin da ka ba ta, kwafi take yi. Kowane gyara da aka yi tana rubuta shi a jere, ana iya komawa baya mataki-mataki, ana kuma iya ɗaukar jerin gyaran a maimaita shi a kan kundin baɗi.

Yadda ake tacewa

Mataki na farko shi ne ajiye asali. Takardun da aka cika da hannu da kwafin farko na kundin ana killace su, ba a taɓa su. Duk gardamar da ta taso daga baya, can za a koma.

Mataki na biyu shi ne daidaita rubutu. A cire sararin da ya wuce kima a farko ko ƙarshen suna, a mai da manyan haruffa da ƙanana tsari ɗaya, a sa ranaku su bi tsari ɗaya, a sa duk lambobin salula su zama lamba takwas ba tare da 227 a gaba ba. A nan ne kuma ake raba gurbin da aka bari fayau da gurbin da aka rubuta sifili. Wanda ba shi da raƙumi daban, wanda ba a tambaye shi ba daban.

Mataki na uku shi ne leƙa kowane gurbi. OpenRefine na iya jero duk irin rubutun da ke cikin gurbi guda tare da yawan kowanne. Idan ka nemi jerin kwamin, sai ka ga kwamin ɗaya ya fito da rubutu biyar, ka gyara su lokaci guda. Idan ka nemi adadin shanu, sai ka ga wani layi na cewa 2,500 a inda kowa ke da gomiya, ka koma takarda ka tarar 25 ne hannu ya zame. Wajen sunayen garuruwa muna dogara da kundin ReNaLoc, wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS ta fitar bayan ƙidayar jama'a ta 2012. Mukan ɗauki rubutunsa a matsayin ma'auni, sannan mu buɗe gurbi na daban don zango da mashekari da ba su cikinsa.

Mataki na huɗu shi ne tara masu kama da juna. A nan manhajar ke nuna gwanintarta, kuma tana da dabaru iri-iri. Ɗaya ita ce ta cire alamomin rubutu, ta mai da komai ƙananan haruffa, ta jera kalmomin suna bisa tsarin abacada, ta ga waɗanda suka zama ɗaya. Wata dabarar ita ce ƙirga yawan haruffan da za a ƙara, a cire ko a canza kafin wannan suna ya koma wancan. Wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, ya fito da wannan awo a 1965. Tsakanin Abdou da Abdu harafi ɗaya ne, tsakanin Issa da Isa ɗaya, tsakanin Moussa da Musa biyu. Manhajar na jero maka waɗanda ke kusa, kai ne za ka ce a haɗa ko a bari.

Haɗa kundi da kundi

Tace kundi ɗaya aiki ne, haɗa kundi biyu wani aiki ne. Ga kundin lamba na ma'aikatar kiwo, ga jerin mambobin koperatif, ga jerin waɗanda suka sayi dusa bara. Tambayar ita ce: wannan mutumin da ke layi na 40 a nan, shi ne wanda ke layi na 312 a can? Idan duka kundin na ɗauke da lambar mamba iri ɗaya, aikin minti kaɗan ne. Idan babu, sai an auna alamomi.

Wannan ilimi ya daɗe. Wani jami'in ƙididdigar haihuwa da mutuwa a Amurka, Halbert Dunn, ya yi rubutu a kansa a 1946. A 1969 wasu masana biyu na hukumar ƙididdiga ta Kanada, Ivan Fellegi da Alan Sunter, suka shimfiɗa lissafin da har yau ake bi. Tunaninsu bai yi nisa da yadda hardo ke gane mutanensa ba. Kowace alama da ta dace tana ƙara nauyi, wadda ta saɓa tana ragewa, kuma ba duka alamomi ke da nauyi ɗaya ba. Idan layi biyu sun yi tarayya a sunan Muhammadu, wannan bai nuna komai sosai ba, domin masu sunan sun yi yawa. Idan sun yi tarayya a laƙabin da ba a cika ji ba, da sunan uba, da hardo ɗaya, da lambar salula ɗaya, to nauyi ya taru.

Bayan an tara nauyin ana raba sakamako gida uku. Waɗanda nauyinsu ya yi sama, mutum ɗaya ne. Waɗanda ya yi ƙasa, mutane daban ne. Na tsakiya kuwa ba a yanke musu hukunci, ana ware su don ɗan Adam ya duba. Akwai manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da ke yin wannan lissafi, irin su Splink wadda ma'aikatar shari'a ta Birtaniya ta ƙera ta saki ga kowa, da wata mai suna Dedupe. Waɗannan suna bukatar wanda ya iya rubuta umarnin kwamfuta, kuma an fi bukatarsu idan layuka sun kai dubbai masu yawa, kamar kundin jiha guda. Koperatif mai mambobi ɗari uku ko ɗari biyar, OpenRefine da zaman kwamiti sun ishe ta.

Akwai wata dabara da ake yi don rage aiki: maimakon a gwada kowane suna da kowane suna, sai a gwada na cikin kwamin ɗaya kawai. Ga manoma wannan daidai ne. Ga makiyaya tarko ne, domin wanda muke nema shi ne wanda ya bayyana a kwamin biyu. Saboda haka mu mukan kasa sunaye bisa hardo ko sarkin da mutum ke ƙarƙashinsa, wanda ba ya canzawa da tafiyar garke.

Inda na'ura ke ruɗewa

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma wannan shi ne ka'idar aikin nan. Dabarar jera kalmomi da na ambata tana ɗaukar Abdu Mamman da Mamman Abdu a matsayin suna ɗaya. A ƙasashen da ake da sunan dangi haka ne, wani ya fara da shi wani ya ƙare da shi. A wurinmu Abdu Mamman na iya zama Abdu ɗan Mamman, Mamman Abdu kuma Mamman ɗan Abdu, wato uba da ɗansa, tunda ana mayar wa jika sunan kakansa. Gida biyu ne, garke biyu.

Awon haruffa ma yana da nasa ruɗu. Tsakanin Hassan da Hassana harafi ɗaya ne, amma namiji ne da mace. Tsakanin Amadou da Mamadou harafi ɗaya ne, amma wannan Ahmadu ne wancan Muhammadu. A ɗaya ɓangaren, Garba da Abubakar ba su kama da juna ko kaɗan a rubuce, alhali suna iya zama mutum ɗaya. Dabarun da ke haɗa sunaye bisa yadda ake furta su an gina su ne a kan harsunan Turai, ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, ba su san Fulfulde ko Tamajak ba.

Maganin da muka samu shi ne ƙaramin ƙamus na gida: jadawali mai gurbi biyu, wannan rubutun daidai yake da wancan. Ou daidai da u, tch daidai da c, dj daidai da j, Guidan daidai da Gidan, da jerin laƙabai da sunayen da suka saba tafiya tare. Ƙamus ɗin shawara yake bayarwa, ba hukunci ba. Hukunci na mutanen wurin ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: sakataren koperatif, hardo, garso, shugabar mata da mataimakin likitan dabbobi na yankin za su warware cikin awa ɗaya abin da zai ci wa mai kwamfuta a Yamai mako guda, kuma shi ɗin ma ƙila ya yi kuskure. Dokar da nake bi ita ce, muddin akwai shakka a kan jerin rabo, ba a goge suna sai an tambaya.

Amanar bayanai

Na san dalilin da ya sa makiyayi ke ɗari-ɗari da faɗin yawan dukiyarsa. Akwai al'adar da ba ta son a ƙirga garke, akwai tunawa da jangali, akwai kuma tsoron ɓarayin shanu a wannan zamani na rashin tsaro. Wannan tsoro yana da tushe. Haɗa kundi da kundi yana ƙara wa bayani ƙarfi: takarda ɗaya na da suna, wata na da yawan shanu, wata na da wurin mashekari, idan aka haɗa su an san wane ne, me yake da shi, ina yake kwana. Irin wannan kundi bai kamata ya yi yawo a WhatsApp ba, bai kuma kamata a bar shi a kwamfutar shagon buga takardu ba.

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kan haka. Kuna da damar tambayar duk wanda ya zo da takarda ko salula: wa ya aiko ka, me za a yi da bayanin, wa zai gan shi, a ina za a ajiye shi? Tambaya ta ƙarshe na da muhimmanci, domin bayanin da aka cika a salula ta KoboToolbox ko ODK yana tafiya wata babbar kwamfuta idan aka tura shi, kuma ya kamata a san ko ta wace ce. A namu aikin, rahoton da ke fita waje adadi kawai yake ɗauka bisa kwamin, ba suna. Kundin da ke da sunaye ana kulle shi da kalmar sirri, mutum kaɗan ke buɗe shi.

Abin da ƙungiya za ta iya farawa da shi

Mafi yawan gyaran ba ya bukatar kwamfuta. Abu na farko, a ba kowane mamba lamba tasa ta dindindin, a rubuta ta a kati da kuma babban kundin ƙungiya. Lambar wanda ya rasu ko ya fita kada a ba wani. Duk wanda ya kai garke wurin lamba ko ya je mangaza, ɗa ne ko mata ko ƙane, ya riƙe katin mai garken.

Na biyu, a raba suna gurbi-gurbi: sunan yanka, sunan uba, sunan kaka, laƙabi. A ƙara gurbin hardo ko sarki, da gurbin garin da aka yi rajista, da wani gurbin daban na inda aka tarar da garken ranar. A zaɓi rubutu ɗaya na sunan kowa, wanda ke kan katin shaidarsa idan yana da shi, a tsaya a kansa.

Na uku, a bambanta mai dabba da mai kiwo. Garke ɗaya kan haɗa shanun maigida, awakin matansa, da na amanar wani ɗan kasuwa a gari. Idan maganar lamba ce, garken ake ƙirgawa sau ɗaya. Idan maganar rabo ce, a fayyace tun farko ko gida ake bi ko mai dabba, don kada awakin mata su narke cikin sunan miji.

Na huɗu, duk jerin da aka tace a dawo da shi a karanta a bainar jama'a kafin a yi aiki da shi, sunaye kawai ba tare da yawan dukiya ba. A ba da ƴan kwanaki don wanda bai ji sunansa ba ya kawo kuka, a kuma aika wa waɗanda suka yi nisa da garke ta salula ko ta bakin garso. A rubuta kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da ranar.

Na biyar, a zaɓi matasa biyu masu karatu, mace da namiji in da hali, a nemi abokan aikin ƙungiyar su koya musu LibreOffice da OpenRefine. Idan ƙungiyarku na cikin babbar haɗaka irin AREN, ko kuna aiki da likitan dabbobi mai zaman kansa na yankinku, ku gabatar da wannan bukata a taro na gaba. Ku kuma nemi duk wata ƙungiyar agaji da ta rubuta sunayenku ta bar muku kwafin jerin da aka tace kafin aikinta ya ƙare.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kafin a buɗe kamfen ɗin lamba na shekara, lokacin da garkuna suka fara saukowa kudu kuma ana iya samun mutane a kusa. Kwamitin da ya zauna kwana biyu a kan kundinsa a wannan lokaci zai iya gaya wa likitan dabbobi garke nawa ke jiransa, a wace rijiya, da waɗanda ba su samu allura bara ba don a fara da su.